Tormod da Kwarin Ƙyashi

Shekara talatin da huɗu Tormod Gillies ya yi yana raba wasiƙu a kan keke a tsibirinmu, kuma rabin shekarun nan a bakin murhun jama'a ya yi su, da kofin shayi a hannu. Wasiƙar da ya kamata ta isa gidan ƙarshe da hantsi sai la'asar take isa. Allah ya yi wa mutumin nan baki. Yana da labarin ranar da iska ta ɗauke shi har da keken ta tsallakar da shi shinge, yana da na ragon da ya kori limamin coci har cikin teku, kuma kowace shekara shingen ƙara tsawo yake yi, ragon yana ƙara ƙaho.

Da ya ajiye aiki, shekara biyu tsakani matarsa Ishbel ta rasu. Ita kaɗai ce za ta ji labari sau arba'in, in ya kai tsakiya ya yi shiru ta ɗago kai daga saƙarta ta ce, “Sai me ya faru?” Sauran mutanen gari kuwa sun ƙoshi. Da sun hango shi tafe, kowa sai ya tuna ya bar tukunya a kan wuta. Tormod bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma kaɗaici ya ci shi ƙwarai, har ya kai yana ba kare labari, shi ma karen ya koyi tashi ya fita.

Masu keke ne suka cece shi. Da rani ya shigo jirgin fito yakan sauke su bibbiyu, jakunkuna rataye gaba da baya, fuska jawur, suna bin tsibirai ɗaya bayan ɗaya, inda yamma ta yi musu nan suke kafa tanti. Gidan Tormod ne na ƙarshe kafin bakin teku, shi kuma kullum yana jingine da ƙyauren shingensa kamar an dasa shi. Dole shi za su tambaya ina ya fi kyau a kwana.

Wuri biyu ne. Akwai tudu can saman teku, inda iska ba ta hutawa, sai ka danne tanti da duwatsu. Akwai kuma kwari a bayan gidansa, ciyawa shar, ga ɗan tafki, iska ko kaɗan ba ta shiga. Baƙo in ya ga kwarin nan sai ya ji kamar don shi aka shimfiɗa. Abin da bai sani ba, ko yaron goye a nan ya sani: kwarin gidan ƙyashi ne, ƙwarin nan da ba su kai sauro girma ba, ba sa kuka balle ka shirya, sai dai da yamma ta yi su taso gaba ɗaya su shiga hanci da kunne da gashin kai. Ba su da magani sai iska.

Tormod ya rantse cewa karon farko kuskure ne. Na biyun dai bai rantse ba. Yakan nuna kwarin da sandarsa, ya ce ai nan babu iska, kuma bai yi ƙarya ba. Ƙarfe shida da rabi sai ya ɗora butar shayi, ya jera kofuna, ya fito da biskit ɗin da yake gasawa da kansa, ya zauna yana duban agogo. Waɗanda suka fi kowa taurin kai wasu Jamusawa ne biyu da suka yi minti arba'in. Da ya ji ƙwanƙwasa sai ya buɗe ƙofa da fuskar mamaki, ya yi ta jimami wai yau kuma ƙyashin sun fito, ya ja baƙi ciki. Su sha shayi, su sha labari, su kwana a falo. In Kirsimeti ya zo katuna su yi ta zuwa daga ƙasashe, ana gaida mutumin kirki na tsibiri.

Maƙwabciyarsa Morag, wadda tagarta ba ta barin ko kaza ta wuce ba ta gani ba, ta daɗe da gano shi. Wata rana ta tare shi a bakin shinge.

“Kai tsohon banza, ba ka jin kunya? 'Ya'yan mutane kake ciyar da ƙwari da su.”

“Ni na halicci ƙyashi, Morag? Tambayata suka yi inda babu iska.”

“To ka dai gina ramin gajere.”

Shekara goma sha biyu yana wannan sana'a, babu wanda ya kuɓuce masa. Sai wata Juma'a jirgi ya sauke wata mata ita kaɗai, mai furfura, ta haura sittin, a kan tsohon keken ƙarfe irin wanda Tormod ya yi aiki da shi. Tun daga keken ta shiga ransa. Ta ce sunanta Rhona, daga garin Dundee, ta kuma yi tambayar da kowa yake yi. Ya nuna kwarin, ya yabi ciyawa, ya yabi tafki. Ta saurare shi har ƙarshe, ta yi godiya, ta juya ta tura kekenta zuwa tudu.

Ya ɗauka kurma ce. Ya dai ɗora buta ko za ta sake shawara. Buta ta tafasa ta huce, ya sake ɗorawa, ta sake hucewa. Washegari da ta sauko sayen burodi ya tare ta da labarin wata guguwa da ya ce an yi shelarta a rediyo, guguwar da ko rediyon bai san da ita ba. Ta ce ita ai tana son iska, ta wuce abinta.

Ranar Lahadi babu jirgi, babu baƙi, kowa yana gida bayan coci. Iska ta kwanta luf a ko'ina sai can saman tudu. Tormod yana tsaye a taga yana kallon ɗan koren tantin nan, matar tana zaune a bakinsa da kofinta, hankali kwance, ba ta bukatar kowa. Abin ya tsaya masa a rai. Ƙyashi dai iri biyu ne, akwai na kwari akwai na zuciya, kuma ranar na zuciyar ne ya fara cizonsa. Shi da ya shekara goma sha biyu ana zuwa ƙofarsa, sai ga shi yana cika filas da shayi, yana ƙunsa biskit a tsumma.

Hanya biyu ce zuwa tudun. Ɗaya ta gaban tagar Morag take bi, kuma gara ya mutu da a ce Morag ta gan shi ranar Lahadi yana kai wa mace shayi. Ɗayar kuwa ta cikin kwarin ta ratsa. Ya ce a ransa ai shi ɗan gida ne, in ya yi sauri ba za su ankara ba. Ya manta gwiwoyinsa sun shekara saba'in da shida. Ƙyashin da suka kwana biyu ba a kawo musu kowa ba suka yi masa maraba yadda ya kamata. Wanzami dai ba ya son jarfa: ya yi ta marin kansa, yana zagin ƙwari da kalmomin da ba a faɗa ranar Lahadi, hularsa ta faɗa tafki bai ko waiwaya ba.

Da ya kai saman tudu ta riga ta shige tanti. Nan ya tsaya da wata matsalar da bai taɓa tunani ba, wato ina ake ƙwanƙwasa wa tanti. Ya yi gyaran murya, iska ta kwashe. Daga ƙarshe ya miƙa hannu ya kaɗa ƙararrawar kekenta.

Rhona ta leƙo, ta dubi fuskarsa da ta yi burɗin-burɗin, ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Minti nawa ka yi a ciki, baba?”

“Ban ƙirga ba.”

“Mu ashirin da biyar muka yi, ni da mijina Ewan. Shekara tara ke nan. Ba ka gane ni ba ko?”

Bai gane ta ba, gaskiya, don duk baƙinsa da kumburarriyar fuska yake saninsu. Ta matsa masa ya zauna, ta karɓi filas ɗin. Ta ce tun daren Ewan ya gano shi, don suna shiga ya ga kofuna uku a jere kan tebur tun kafin su ƙwanƙwasa. Ewan ya danne abin a ransa sai da suka hau jirgi, sannan ya yi ta dariya har ma'aikatan jirgin suka zo dubawa. Tormod ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, ya rasa inda zai sa idonsa.

“Da ka ce mu shigo mu sha shayi, ai da mun shigo.”

“Da ba ku shigo ba,” in ji shi. “Na gwada, shekara guda cur. Kowa sai ya yi godiya, ya ce ba ya son ya takura mini.”

Ta juya kofin a hannunta. Can ta ce Ewan ya rasu da hunturun bara. Yana kwance a asibiti yakan sa ta maimaita masa labarin mai wasiƙa da iska, amma na ragon bai taɓa ƙarewa ba, don a falon Tormod su biyun barci ya kwashe su daidai inda liman ya shiga ruwa zuwa gwiwa. Ewan ya yi ta cewa za su koma su ji ƙarshen, ba su koma ba. Ta ce jin ƙarshen labarin ne ya kawo ta, amma ta rantse wannan karon sai Tormod ya tako da ƙafarsa.

Tormod ya gyara zama, ya ɗauko labarin daga farko, tun daga ragon yana ɗan tunkiya. Da ya kai liman cikin ruwa zuwa gwiwa sai ya yi shiru, irin shirun da ya saba yi a wurin, wanda shekara goma sha huɗu babu mai cike masa shi. Rhona ta ɗago kai.

“Sai me ya faru?”

Sai hawaye suka zubo masa. Ya ce ƙyashi ne ya shiga idonsa, ita kuma ba ta tuna masa cewa babu ƙyashi a kan tudu ba. Sai da ya share fuska da tsumman biskit sannan ya kai liman har wuya.

Ranar Litinin ta hau jirgi. Bayan kwana biyu Morag ta dawo daga bakin tasha tana washe baki, ta ce an manna takarda a ɗakin jiran jirgi, wai duk wanda ya kai farin gida mai koriyar ƙofa kada ya tambayi tsohon inda zai kafa tanti, ya tambaye shi ko buta tana kan wuta. Tormod ya yi ta faɗa, ya ce an tona masa asiri, an kashe masa sana'a, gobe da sassafe zai je ya yage ta.

Shekara uku ke nan bai yage ta ba. Da ruwa ya jiƙa takardar ma, an ga wata sabuwa a wurin, kuma duk wanda ya taɓa karɓar wasiƙa a tsibirin nan ya san rubutun wane ne.