Furannin da Mai Almakashi Ta Yanka

Duk benen ba mai kiranta da sunanta, Mai Almakashi ake ce mata. Shekara ashirin da shida ta yi tana yankan takarda a maɗaba'a, har idonta ya soma yin yana aka sallame ta. Ta fito da almakashi biyu, da kwalaye cike da ragowar takarda, da hannun da ya san aikinsa ko ido bai taya shi ba.

A hawa na uku take zaune, ɗaki biyu da ɗan falo, ita da ƙanwarta Auta, wadda ta dawo wurinta bayan rasuwar mijinta. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata sukan tara maƙwabta su ci abinci. Abincin ba wani abin a zo a gani ba ne: shinkafa da wake, dankali da ƙwai, shayi. Falon ne ke canza kama. Wani watan teku ne, kifayen takarda na reto a zare. Wani watan jirgin ƙasa ne, a jera kujeru biyu-biyu, Auta ta tsaya a ƙofa tana huda tikitin kwali, ba mai shiga sai ya nuna nasa. Tela na ƙasan bene ya taɓa cewa shi dai bai taɓa hawa jirgin da ake ƙara wa fasinja miya ba.

Aikin a rabe yake. Auta ce mai tunani da girki, Mai Almakashi ce mai yanka da naɗi. Komai Auta sai ta rubuta, da fensir, a bayan ragowar takardun maɗaba'a, ta ɗaure su da roba. Wannan damin shi take kira littafinta.

Da Auta ta rasu, wata uku ba a yi taro ba. A na huɗu Mai Almakashi ta jawo kwali ta zauna. Takan yanka ashirin-ashirin, farin gefe a sama, kamar yadda aka koya mata a wurin aiki, ba ta juya takarda. Ta shafa kala, ta naɗe da yatsu, fuskarta na kallon kujerar da Auta ke zama. Wani lokaci ta miƙa hannu da abin da ta gama, ta ce, "Ungo, duba wannan," sai ta ji ya faɗi ƙasa. Takan bar shi a nan har ta gama sauran.

Auta ta bar 'ya ɗaya, malamar jinya ce a wani gari mai nisa. Ba ta nemi zobe ba, ba ta nemi zani ba. Abu ɗaya ta roƙa a waya.

"Inna, littafin Mama kawai nake so. Ba ni da ko layi ɗaya na rubutunta."

"Yana nan, 'yar nan, ina zai je? Ki zo ki ɗauka."

Ta faɗa ne da gaba gaɗi, don ta san ba a zubar da takarda a gidan nan. Amma ta ɗaga katifa, ta zazzage akwati, ta lalube saman kabad, babu. Ta ce wa kanta zai fito. Kullum 'yar ta kira, sai ta ce yana nan.

A wata na bakwai malamar jinya ta samu hutu, zuwanta ya dace da Asabar ɗin taro. Mai Almakashi ta yi lambu. Fure ɗari da wani abu, ja da ruwan ɗorawa, ta rataye su daga ƙusar agogo zuwa taga. Ta dafa shinkafa da wake yadda ta iya. Baƙi shida suka zo.

"Wake ya yi gishiri yau," in ji Tela, yana ƙara cokali. "Ba ƙorafi nake ba, shaida nake bayarwa."

"Ka ajiye cokalin tukuna, sai mu yarda da shaidarka," in ji matar direba.

Aka yi dariya, har da malamar jinya. Sai ta matso kusa da innarta, ta rage murya.

"Inna, in an watse kya ba ni?"

"In an watse."

Mai Almakashi ta juya tana gyara kwanuka. Ta shirya abin da za ta ce: an ba wani aro, za a kawo. Ta maimaita shi a zuci sau uku, bai zauna ba.

Wajen la'asar rana ta sauko daidai tagar, ta bugi furannin ta baya. Matar direba ce ta fara ɗaga kai, tana kallon sama. Sai Tela ya ajiye cokali. Malamar jinya ta tashi a hankali ta tsaya a ƙarƙashin zaren. A jikin kowane fure, ta cikin kalar, wasu siraran layuka sun fito, masu karkata hagu.

"Inna," ta ce. "Wannan hannun Mama ne."

Mai Almakashi ba ta ga komai ba sai jan haske. Amma nan take ta tuna wani guntun roba da ya bushe ya tsinke, wanda ta tsinta a kwali wata huɗu da suka wuce ta jefar. Auta a kusa da kwalin take zama a kwanakin ciwonta. A can ta ajiye damin, a kife. Wata huɗu ke nan tana yanka shi ashirin-ashirin.

Ba wanda ya tambaye ta, da ta yi shiru ma da an bar ta. Ta dafa kujera ta miƙe.

"Ni na yanka shi. Ban sani ba, amma ni ce. Kuma da kike kira ina cewa yana nan, ban gan shi ba. Tun farko ban gan shi ba."

Malamar jinya ba ta juyo ba. Ta daɗe a tsaye, har Mai Almakashi ta saddaƙar jakarta za ta ɗauka ta fita. Can ta miƙa hannu ta cire fure ɗaya, ta soma jan gefensa, takardar ta ɗan yage.

"Kar ki ja," in ji Mai Almakashi. "Ta gindi ake kwance shi. Kawo."

Ta karɓa, yatsunta suka bi naɗin baya-baya, ganye biyar suka baje a tafin hannunta. 'Yar ta ɗauki ɗaya ta kai shi haske.

"Me ta ce?"

"Rabi ne. '...rage gishiri, Yaya ba ta faɗa, amma ƙafarta na kumb...' Nan ya yanke."

Mai Almakashi ta zauna. Ba ta taɓa gaya wa kowa zancen ƙafar ba.

"Kifayen wancan watan fa?" in ji malamar jinya. "Da taurarin da kika ce kin yi?"

"Wasu na raba wa mutane. Wasu an share."

"Nawa suna nan a shago, saman keken ɗinki," in ji Tela, ya riga ya kai ƙofa. Matar direba ta ce jikarta ta liƙa uku a bango, bari ta gani ko za su ɓamɓaru. Ɗaya bayan ɗaya suka sauka, falon ya rage su biyu.

Malamar jinya ta ture kwanuka gefe, ta share tebur da hannun rigarta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce komai a kan ƙaryar ba. Ta ciro fure na biyu ta ɗora a cinyar innarta.

"Ke ki riƙa kwancewa, Inna, ni in riƙa karantawa. A hankali. Jirgina sai jibi."