Baba Sanyi Ya Ajiye Aiki

Shekara talatin da ɗaya, kafin kowa ya buɗe ofis, Baba Sanyi ya riga ya hau tsanin ƙaton farantin da muke sauraron sararin samaniya da shi. Aikinsa kula da na'urar da ke karɓar siginar rediyo a tsakiyar farantin. Dole ta zauna cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, da ta ɗan ɗumama sai ta kurmance. A nan ya samo sunan. Matarsa kan ce firjin gida ya shekara yana yoyo, amma na wurin aiki ko tari ya yi sai Baba ya tsame hannu daga abinci.

Ni ganau ce. Ina digirina na uku aka ba ni kwana huɗu kacal in yi amfani da farantin in nemo alamar iskar gas, wadda taurari ke samuwa daga gare ta, a wani gungun taurari mai tsananin haske da nisa. Ranar farko wani ɗan tudu ya bayyana a layin siginar da ke kan allon kwamfuta. Na daka tsalle, na kira shugabanmu.

Baba ya leƙo, ya daɗe yana kallo.

"'Yata, wannan ba daga sama yake ba. Duba, tare yake tafiya da bugun injin sanyaya."

Ya hau farantin, ya sauko da wata waya a hannu. A gaban kowa ya ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, ni na ɗaura ta, ban matse sosai ba. Laifina ne."

Da ya yi shiru, da na wallafa ƙarya da sunana. Amma ranar haushinsa na ji, har na ƙi gaishe shi. Bai kula ba. Ya gyara, ya kuma ba ni kwana biyu daga lokacin da aka ware masa na gyare-gyare. Ranar ƙarshe alamar gaskiya ta fito, 'yar mitsitsiya, a wani gefe dabam.

Baba, kai ne mai gaskiya ko da a kanka za ta faɗa. Sunanka bai taɓa hawa takardun bincikenmu ba, alhali duk da hannunka aka yi su. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya.

Mu da muka rage, duk ranar da muka ga kuskurenmu kafin kowa ya gani, mu buɗe baki mu faɗa. Haka Baba ya koya mana.