Ni da Sarauniya da Ragon Suna, Daga Briqueterie Zuwa Bafia

Na rubuta wannan bayani ne domin 'yan majalisarmu ta teburin mai shayi, waɗanda tun da na dawo kowa ke ƙara wa labarin gishirinsa. Karatuna na boko a aji uku ya tsaya, ranar da malamin ya tambaye ni bakwai sau takwas na ce masa sai na yi shawara da gida, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Briqueterie, sallar Asuba

Tun kafin kiran assalatu na gungura Sarauniya daga zaure, a unguwarmu ta Briqueterie cikin Yaoundé. Sarauniya babur ɗina ce, irin mai zama ƙasa-ƙasa ɗin nan, mai dogayen ƙahoni da kujera mai faɗi, ƙarfenta na walƙiya. In ka gan ta a tsaye sai ka rantse za ta kai Garwa kafin azahar. Injin da ke cikinta kuwa, da kaɗan ya girmi na keken ɗinkina. Shekara da shekaru muna tare, ba ta taɓa wuce unguwannin Mokolo da Elig-Edzoa ba.

Ga abin da ya fitar da mu. 'Yata Rabi, wadda ke aure a Bafia, ta haifi namiji. Mijinta Sule ɗan Alhaji Bello ne mai atamfa a Mokolo, wanda allo ɗaya muka wanke da shi, kuma tun lokacin bai taɓa yarda na fi shi da komai ba. Alhaji ya ce sunansa za a sa wa yaron, ni ma na ce Isuhu za a sa. Sule ya rasa yadda zai yi da uba da suruki, sai ya ce a waya ragon da ya fara taka ƙofar gidansa ranar suna shi za a yanka, mai ragon kuma shi ne takwara. Limaminmu Malam Hamadu ya ƙara sharaɗi, ya ce babu mai barin unguwa sai an sallame Asuba a bayansa.

Alhaji ya ce bas zai shiga a tashar Tongolo. Da na ce ni da Sarauniya za mu, majalisa ta yi dariya har mai shayi ya zubar da madara. Suka ce babbar hanya ba layin teloli ba ce, motocin katako za su hure ni kamar ɓawon gyaɗa.

Ana sallamewa, Alhaji ko addu'a bai tsaya ba, na ga wutsiyar babbar rigarsa ta bi ƙofa. Ni na shafa tawa cikin natsuwa, saboda na riga na ɗaure ragona a kwando tun kafin alwala. Fari ne mai baƙin wuya, na zaɓo shi a kasuwar Etoudi don rashin nauyinsa, ba don kyansa ba. Mai ɗakina ta miƙo mini hular kwano, irin mai rufe fuska duka da baƙin gilashi, ta ce in ban sa ba za ta zauna a gaban taya. Na sa a kan dole. Ku riƙe zancen hular nan, za mu dawo kansa.

Etoudi zuwa Nkometou

A cikin gari Sarauniya ba ta da sa'a. Muka ratsa tsakanin taksi da taksi, muka wuce Tongolo inda na hango Alhaji tsaye yana faɗa da yaran bas, suna ɗora ragonsa a saman mota, motar kuwa ko rabi ba ta cika ba. Na danna masa oda sau biyu don ladabi.

Da muka bar Olembe hanya ta buɗe, na murɗa mata kunne har ƙarshe. Allura ta hau sittin, ta hau saba'in, ta yi ta shawara da kanta, sannan ta taɓa tamanin ta tsaya cak kamar an ja mata aya. Abin da yaranmu 'yan boko ke kira katar-van ke nan. A nan madubi ya fara rawa har ina ganin rago uku a ciki, tafin hannuna kuma ya soma ƙaiƙayi. Na sassauta zuwa saba'in, inda ta daina kuka ta koma gunaguni.

Sai ga motar katako ta farko daga gaba, da gungumen da mutum biyar ba za su rungume ba. Iskarta ta mare mu, muka yi gefe, rago ya yi wata ƙara da ban taɓa jin dabba ta yi ba. A nan na gane majalisa ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. Daga wannan wuri na riƙe bakin hanya ta dama kamar gadon ubana, na koyi kwantar da ƙirji a kan tanki duk sanda na ga babbar mota.

A shingen jandarma na Nkometou aka ɗaga mini hannu. Jandarman ya zagaya mu, ya dubi takarduna, ya dubi ragon, sannan ya tambaye ni da Faransanci ina hular fasinjana.

Na ce, "Shef, shi da tasa aka haife shi, har da ƙaho."

Ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, suka yi dariya, suka ce in tafi kada in makara.

Obala

Gari ya waye sosai lokacin da na isa mararrabar Obala. Injin ya yi zafi har ina jin sa ta cikin wando. Makanikenmu ya gargaɗe ni cewa ƙaramin inji kamar tsoho yake, in ka matsa masa ba hutu zai zauna maka a tsakiyar hanya, don haka na tsaya wurin wata mata mai ƙosai da kunu. Na ci na dala ashirin, na sha kunu, na ba rago ruwa a murfin kwano.

Ina cikin kurkure baki sai ga wata farar bas ta taho kamar an koro ta, rago ɗaure a samanta yana kallon duniya. Hannu ya fito ta taga da carbi yana kaɗawa.

"Isuhu! In gaya wa Rabi kana hanya, ko sai sunan na biyu?"

Kafin in haɗa amsa sun ɓace. Mai ƙosai ta tambaye ni ko ɗan'uwana ne, na ce a'a, jarrabawata ce.

Na hau na bi su, ba don ina sa ran kama su ba. Amma ban yi nisa ba na tarar da bas ɗin a wani shinge, an sauke fasinja duka an jera su, kowa da katin shaidarsa a hannu, Alhaji a tsakiya yana laluben aljihun babbar riga. Ni kuwa da hannu kawai aka yi mini alamar in wuce. Na rage gudu daidai saitinsa, na ɗaga gilashin hula, na tambaye shi ko yana da saƙo wurin Rabi.

Hawan da ke kafin Ebebda

Nan ne Sarauniya ta tona asirin kanta. Hanyar tudu da gangare ce, kuma a kowane tudu allura sai ta riƙa sauka kamar farashin tumatir da yamma. Daga saba'in ta koma hamsin, daga hamsin ta koma arba'in, ni ina ta sauke giya ina lallashinta da sunaye masu daɗi. Na shiga bayan wata tirelar siminti mai tafiyar hawainiya, hayaƙinta na shiga mini har cikin hula. Sau biyu na leƙa zan wuce ta, na murɗa, na tarar babu sauran abin murɗawa, ga mota na tahowa daga gaba. Na koma bayanta na zauna kamar ɗan rakiya.

Wannan shi ne gaskiyar da zan faɗa wa duk mai irin babur ɗina. Tafiya za ta yi, amma ba ta da ajiya. Babban inji in ya ga hatsari yana da sauran ƙarfin da zai tsere masa. Ƙarami duk abin da ya mallaka yana kan tebur, sai dai ka tsere da haƙuri.

Bas ta sake wuce ni a nan, wannan karon Alhaji ayaba kawai yake ci yana kallona. A gadar Sanaga kuma na same su a tsaye, direba ya sauka yana cinikin kifi, mata sun kewaye tagogi da tire. Na bi ta gefensu a hankali, kogin na shimfiɗe a ƙasa faɗinsa kamar ba zai ƙare ba, ina jin muryar Alhaji a baya yana tambayar direba ko kifin ne ya biya kuɗin mota.

Ombessa zuwa Bafia

Na sha mai a Ombessa wurin masu sayarwa a kwalba, saboda tankin Sarauniya ma na ado ne. Bayana ya riƙe, ƙafafuna da ke miƙe gaba sun yi tsami. Kujerar nan mai faɗi daɗinta na zagayen unguwa ne. Ina tsaye ina miƙa bas ta wuce karo na uku, kuma daga nan ban sake ganin ta a hanya ba.

Zuciyata ta yi nauyi, ba zan ɓoye ba. 'Ya'yana mata ne su biyar, jikokin da suka gabata duk dangin uba sun kwashe sunayensu. Na so a ce bayan raina akwai wani Isuhu da zai riƙa amsawa. Na ce da rago, to malam, ka ƙara wuni, da yamma mata za su ci ka. Duk da haka ban sassauta ba, na riƙe saba'in ɗina har muka shiga Bafia da hantsi.

Ina karya kwanar unguwar Hausawa sai na ga abin da ya sa na kusa sakin ƙaho. Ga Alhaji Bello durƙushe a ƙofar gidan mai unguwa, takalmansa a gefe, ɗan acaban da ya ɗauko shi daga tasha yana riƙe da igiyar rago yana hamma. Dattawan unguwa ne zaune a kan tabarma suna shirin tafiya wurin sunan, suka gan shi fuska a buɗe, babban mutum daga Yaoundé, ina zai wuce bai sauka ba? An gama ina kwana an shiga ina gajiya, an gama ina gajiya an shiga tambayar mutanen Briqueterie gida-gida, har da waɗanda suka rasu ana yi musu addu'a. Gidan Sule kuwa ga shi can ƙarshen layi, ana hango rumfa.

Ni ma na san dattawan nan, su ma sun san ni. Amma Isuhu tela suka sani, ba su san wani mai baƙar hular kwano ba. Na sauke gilashi, na gyara zama kamar baƙon da ya ɓata hanya, na wuce ta gabansu Sarauniya na gunaguninta. Alhaji kaɗai ya gane ragon. Na ga ya ɗago zai miƙe, sai mai unguwa ya riƙo hannunsa ya ce, "Af, ya jikin Hajiya Babba kuwa?"

Gidan suna

Na kwance rago na sa ƙafarsa a kan dokin ƙofa da hannuna, na kira Sule ya shaida. Sannan na cire hula, na wanke fuska, na taka da ƙafa na koma ƙofar mai unguwa na kwashi gaisuwa cikakkiya, har na taya su tambayar Alhaji ya hanya.

Aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya ce yaro ya ci sunan Yusufa. Aka kai ni ciki aka ɗora mini shi a cinya, ja-ja da shi, hannunsa dunƙule kamar mai shirin dambe. Rabi ta sunkuyar da kai ta ce Abba za su riƙa kiransa, don ba za ta iya kama sunan mahaifinta ba. Sule ma ya ce haka, bakinsa ba zai iya faɗin sunan suruki ba. Na ji daɗin wannan ladabi, ban hango abin da ke bayansa ba.

Alhaji ya shigo ya karɓi yaron. Bai daɗe a hannunsa ba ya jiƙa masa shadda. Alhaji ya ɗaga shi sama, ya dube ni, ya ce da ƙarfi yadda matan tsakar gida za su ji, "Kai Isuhu, ba ka da kunya? Da girmanka kake fitsari a jikin mutane?"

Gidan ya kwashe da dariya. A nan na tuna kaka da jika abokan wasa ne, kuma duk gidan nan mutum ɗaya ne ke da izinin kiran sunan nan gatsau, ya haɗa shi da duk abin da ya ga dama.

Komowa

Na kwana a ɗakin baƙi na Sule, a kife, saboda bayana ya ƙi tabarma. Washegari na ɗaure abarba huɗu da cinyar rago a kwandon, na kamo hanya bayan karin kumallo. Ba rago, ba gasa, allura har ta leƙa sama da tamanin a gangaren Ebebda, na ce mata ina wannan ƙoƙari jiya. Na shiga Briqueterie ana kiran azahar.

Masu tambaya ko ƙaramin babur na iya babbar hanya, amsata ita ce yana iyawa, in mai shi ya yarda kowa ya wuce shi, ya bar tsakiyar titi ga masu ita, ya huta in inji ya yi zafi, kuma ya sa hular kwano, don amfaninta ya fi ɗaya.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da mai ɗakina, da jandarman Nkometou, da dattawan Bafia waɗanda ba sa gaggawar gaisuwa. Alhaji Bello kuma ina roƙon majalisa ta ja masa kunne. Kullum da safe sai ya buga wa Sule waya a gaban jama'a, ya kashe, ya kurɓi shayi, sannan ya sanar da mutane cewa jiya Isuhu ya kwana yana kuka, ya ƙi wanka, kuma har yanzu ba shi da haƙori ko ɗaya. Na ƙarshen nan ne ya fi yi mini ciwo, don saura huɗu gare ni.