Baffa Ghali da Amanar da Ya Ɗauka a Badagry

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga watan Yuli, 2025, ina tsakiyar darasi a makarantar 'yan mata da nake koyarwa a Kiru, babban ɗanka Muzammil ya kira ni. Bai ja zance ba. Ya ce, "Yaya Raihana, sai haƙuri, Baba ya cika." Ka rasu da hantsi a gidanka na Yako, bayan jinyar wata huɗu, kana da shekara sittin da tara. Kafin la'asar an kai ka makwancinka.

Baffa, ƙanen mahaifina kake, amma mutanen ƙasarmu sun fi saninka da Ghali na Badagry. Tun kana saurayi ka bi motar albasa zuwa Legas, daga can ka gangara wannan tsohon gari na bakin teku, ka zauna fiye da shekara talatin. Ka iya Yarabanci, ka iya harshen Egun na mutanen wurin, har iyo ka koya a hannun masunta, abin da a Yako aka daɗe ana ba da labarinsa. Sannu a hankali ka bar rumfar albasa a hannun yara, ka zama jagoran duk ɗan Arewa da ya je yawon buɗe ido. Mutumin Bebeji, na Tudun Wada, na Doguwa, in dai ya sauka ya ce Ghali, ya sami tabarma da tuwo, gobe kuma ka zaga da shi gari da ƙafarka.

Waɗanda ka zaga da su sun san halinka. Mai raha ne kai, amma da an shiga gidan tarihin da aka ajiye sarƙoƙin bayi, fuskarka kan sauya. Ba ka yarda baƙo ya rataya mari a wuya yana dariya don a ɗauke shi hoto. Kakan ce, "Wuyan mutum wannan ƙarfe ya ci, kuma ba mu san ko ɗan garinmu ba ne." Ka taɓa fitar da wani babban mutum daga ɗakin saboda haka, daga baya shi ya zo ya ba ka haƙuri.

Alherinka yana da yawa, wasu za su faɗi nasu. Ni abu ɗaya nake so in rubuta, domin shekara bakwai ke nan yana zaune a ƙirjina.

A watan Afrilun 2018 na shirya kai ɗalibaina na darasin tarihi Badagry. Iyaye da yawa sun yi ɗari-ɗari, amma wanda ya kafe shi ne Alhaji Badamasi, manomin tumatir a Kwanar Dangora. 'Yarsa Zulaihat ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa, mahaifiyarta kuma ta rasu tun tana goye. Ya ce ba zai bar ta ta je kusa da ruwan da ba a ganin ƙarshensa ba. Yarinyar ta yi kwana uku tana kuka. Ni na roƙe ka ka sa baki, tun da kun yi ƙuruciya tare. Ka kira shi a waya ka ce, "Badamasi, ka ba ni ita. Ni zan maido maka da ita." A kan wannan kalma taka ya sake ta.

Kwana biyu muka yi a hanya. Ranar da muka fita gani, abokiyar aikina Malama Saude ta tsaya a masauki da wata ɗaliba da zazzaɓi ya kama. Mu ashirin muka fita: kai, ni, da ɗalibai goma sha takwas. Ka nuna mana tsohon benen da 'yan mishan suka gina, ka hau da mu matakalarsa ta katako. Ka shigar da mu wani ƙanƙanin ɗaki mai taga ɗaya can sama, inda ake cusa bayi kafin jirgi ya zo, ka sa aka rufe ƙofa na ɗan lokaci. Da aka buɗe, muka fito ɗaya bayan ɗaya.

Bayan azahar muka shiga kwalekwale mai inji, muka tsallaka faffaɗan ruwan da ya raba garin da tsibirin Gberefu. Daga gaɓa muka taka rairayi tsakanin itatuwan kwakwa, tafiyar kusan minti ashirin da biyar, ta hanyar da aka ce bayi sun bi. Muka wuce rijiyar da ake cewa ana shayar da su don su manta gida. Sai ga teku. Yaran da ba su taɓa ganin abin da ya wuce dam ba suka yi cirko-cirko. Ka ɗauki sanda ka ja layi a kan rairayi, nesa da inda ruwa ke kawowa, ka ce duk wadda ta tsallaka shi ba kai ba ita.

Ba mu yi rabin sa'a ba ka ɗaga kai ka dubi gabas. Hadari ya taso baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen kwakwa. Ka ce da ni, "Raihana, zan yi gaba in riƙe mai jirgi kada ya tafi. Ki ƙirga su, ki biyo ni da su yanzu."

Ban ƙirga ba, Baffa. Hankalina ya tashi, rairayi yana shiga mana ido, sai na riƙa kiran suna muna tafe. Da na kira Zulaihat na ji an ce na'am. Ban waiwaya ba.

A gaɓa mai jirgi ya raba mana rigunan kariya na ruwa. Kowa ya sa tasa, sai ga guda ɗaya ta rage a hannunsa. Ka dubi rigar, ka dube ni.

"Kin ƙirga su?"

"Na kira suna, Baffa."

"Cewa na yi kin ƙirga?"

A nan ƙawar Zulaihat ta fashe da kuka, ta ce ita ta amsa mata. Wai Zulaihat ta tsaya cika gora da ruwan teku don ta kai wa babanta ya ɗanɗana, ta ce yanzu za ta cim mana.

Mai jirgi yana ta ɗaga murya da Yarabanci yana nuna sama. Ka fassara mini: in ba a tashi yanzu ba, ba mai iya tsallakawa, kuma babu inda yara za su fake a wannan gaɓa, ga tsawa. Na ce ba inda za ni sai da Zulaihat. Ba ka taɓa yi mini tsawa ba sai ran nan. Ka ce, "Goma sha bakwai suna wuyanki, ɗaya tana wuyana. Shiga jirgi!" Ka cire hula da takalmi, ka haɗa da wayarka ka danƙa mini. Kana da shekara sittin da biyu, ga hawan jini, na ga ka juya cikin kwakwa da gudu.

Muna tsakiyar ruwa aka kece da ruwan sama. Kwalekwalen yana ɗagawa yana faɗuwa, ruwa yana fantsamo mana ciki, yara suna salati suna ƙanƙame juna. Da kyar muka kai. Na tura su ƙarƙashin wata rumfar kwano, ni kuwa na tsaya a bakin gaɓa ina duban tsibirin, har ya ɓace mini cikin ruwan sama. Na roƙi masu jiragen su koma. Suka girgiza kai, ɗayansu ya nuna mini yadda igiyar ruwa ke dukan katangar gaɓa.

Sai wayata ta yi ƙara. Alhaji Badamasi ne. Tun da muka taso, kullum bayan la'asar yakan kira don ya ji muryar 'yarsa. Na riƙe wayar ina kallon sunansa har ta katse. Ya sake kira. Ya kuma sakewa. Daga nan sai taka wayar ta ɗauka a cikin hularka, shi ne dai. Ina ta shirya kalmomin da zan gaya wa mutumin nan, ina rushewa. Kuma ba 'yarsa kaɗai ba, me zan gaya wa Inna Turai, matarka, da ke gida tana dafa mana abinci?

Fiye da sa'a ɗaya muna haka. Da ruwan ya fara tsagaitawa, wata daga cikin yaran ta nuna da yatsa. Wani kwalekwalen masunta ne yake tahowa, ana tuƙa shi da hannu. Ban da masu tuƙin, na fara hango mutum ɗaya a zaune, lulluɓe da zane. Ɗaya tak. Sai da suka matso na ga Zulaihat ce, kai kuma kana kwance a cikin jirgin, idonka biyu, hannunka na dama yana reto kamar ba a jikinka yake ba.

Daga baya Zulaihat ta ba mu labari. Da ta cika gorar ta juyo ba ta ga kowa ba, ta bi wata hanya dabam ta ɓata. Ruwan sama ya rufe ta, sai ta koma bakin teku tana bin gefe ko za ta gane inda muka shigo. Ba ta san ruwan ya ƙaru ba. Ka hango hijabinta daga nesa, kana ƙwala mata kira ta hau tudu, igiyar ruwa ta kwashe mata ƙafafu a kan idonka. Sau biyu ka shiga. Na farko ruwan ya watso ka waje. Na biyu ka kama wuyan hannunta, wata igiyar ta maka ku da ƙasa, kafaɗarka ta goce, amma ba ka saki ba har masunta suka jefo muku igiya.

Aka ce a wuce da kai asibiti. Ka ce a fara ba ka wayarka. Ina tsaye a kanka ka kira Alhaji Badamasi, ka ce, "Ga 'yarka nan da ranta, za ka ji muryarta. Amma saura kaɗan in rasa maka ita. Na yi sakaci, ban ƙirga yara ba kafin in bar bakin teku." Ba ka ambaci sunana ba, ko sau ɗaya.

A asibiti na ce zan kira shi in faɗi gaskiya. Ka hana ni. Ka ce in aka ji daga malama kuskuren ya fito, aikina zai tafi, kuma ba uban da zai sake barin 'yarsa ta fita ganin duniya daga wannan makaranta. Ka ce, "Ni wa zai kore ni? Bar shi a kaina." Na bar shi a kanka, Baffa, kuma ba don biyayya kaɗai ba. Tsoro nake ji.

Na ga abin da ya biyo baya. Alhaji Badamasi ya daina gaisawa da kai. Zulaihat ta sha gaya masa kai ka tsamo ta, ya ce wanda ya yar ai dole ya nemo. Maganar ta zaga Kwanar Dangora har Yako, wasu suka daina tura maka baƙi. Hannunka bai sake ɗagawa sama da kafaɗa ba, ka daina shiga jirgi, bayan shekara uku ka tattara ka dawo gida. Duk sallah ina zuwa gaishe ka, in ga yadda kake sa riga da kyar, kai kuma ka riƙa tambayata yaushe zan sake kai yara. Ko a jinyarka ta ƙarshe na tayar da zancen, ka ɗaga mini hannun hagu ka ce, "Raihana, yarinya tana raye. Me kuma ya rage?"

Ranar sadakar uku Alhaji Badamasi ya zo gaisuwa. Zulaihat ce ta matsa masa, yanzu tana aikin jinya, da ɗanta a baya. Da ya tashi tafiya na aika a tsayar mini da shi a soro. Na durƙusa a gabansa, Muzammil yana tsaye, na gaya masa komai: umarnin da ka ba ni, kiran sunan da na yi, rigar da ta rage, da wayarsa da na ƙi ɗauka. Ina jin numfashinsa, ina jiran duk abin da zai fito daga bakinsa. Can ya ce, "Shekara bakwai ina ganin mutumin nan a kasuwa ina sauya hanya." Ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Allah ya yafe mana, ni da ke. Muzammil, zo ka nuna mini kabarinsa."

Na rubuta wannan ne don duk wanda ya taɓa jin cewa Ghali ya yi sakaci da 'yar mutane a Badagry ya sani ba haka ba ne. Ni ce na yi, shi ya ɗauka.

Ya Allah, ga bawanka Ghali ɗan Mujitaba ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya rufa asirin wani a duniya, ka rufa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka karɓi ciwon da ya sha a matsayin kaffara, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Turai, da 'yan'uwana Muzammil, Humaira da Mubaraka, da dukan zuriyarmu ta Yako, da Hausawan Badagry da maƙwabtansa na can waɗanda suka yi ta kira suna kuka. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Amin.

Raihana Jibrin, Kiru.