Na Dawo Daga Hanyar Makka Na Ɓuya a Dala

A zamanin da ake tafiya Makka ta ƙasa, ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, ni baduku ne a Kasuwar Kurmi, saurayi mai ji da kansa. Daga ni sai mahaifiyata a gidanmu na Yakasai. Ranar da zan tashi hajji unguwa kaf ta yi mini rakiya, har an fara tsokanata da Alhaji, ni kuwa ina amsawa ba kunya.

Ban wuce garin Farlomi da ke can gabas ba zazzaɓi ya kayar da ni, ƙafafuna suka kumbura. Ayari ya gaji da jira ya wuce. Da na ɗan farfaɗo, wata motar fatake ta dawo da ni Kano. Tun ina yaro nake jin ana cewa sai wanda Allah ya kira ne yake zuwa ɗakinsa. To ni fa? Sai na yanke wa kaina hukunci cewa koro ni aka yi. Ko kabbarar salla na tayar, sai in riƙa ganin Wanda nake tsaye gabansa ba ya so na. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Maimakon in nufi gida, sai na saci jiki na ɓuya a Dala, gidan wani tsohon malami Babarbare, aminin marigayi mahaifina. Na roƙe shi ya rufa mini asiri har alhazai su dawo. Kullum sai ya ce mini in tafi gida, Wanda ya juyo da ni ya fi ni sanin dalili, kuma niyyata ba ta faɗi banza ba. Ni kuwa kunnena ya toshe, ko zaure ba na leƙawa don kada wani ya gane ni.

Wata safiya Malam ya dawo daga jana'iza, ya zauna kusa da ni. Sannan ya shaida mini mahaifiyata ce aka binne. Shi ma sai a wajen sallar gawa ya san ko wace ce. Ashe ta kwanta ciwo tun bayan dawowata, tana ta kiran sunana, maƙwabta suna lallashinta cewa ɗanta yana can Makka yana yi mata addu'a. Ina nan cikin ganuwa, tafiyar da ba ta kai a ji ƙishirwa ba.

Yanzu na tsufa, na je hajji daga baya, amma wannan bai goge ba. Jama'a, in Allah ya rufe muku wata hanya, kada ku munana masa zato, ku duba inda ya juyar da fuskarku. Ni ba korata ya yi ba. Wajen uwata ya aiko ni, na ƙi ƙarasawa.