Sandunan Khalida

A unguwar Bani Harisa, in ka ce Khalida ungozoma, kowa ya san wadda kake nufi. Sama da shekara talatin ta yi a ɗakin haihuwa na wani asibiti a Madina, rabin samarin layinsu a hannunta suka fara kuka. Kakanta da ƙafa ya taso daga Damagaram zuwa aikin hajji, bai koma ba. Ita a nan aka haife ta. Larabci take yi a waje, amma in ta shiga gida, ko ranta ya ɓaci, Hausa ke fitowa.

Da ta yi ritaya, zama ya ƙi karɓar ta. Maigidanta ya rasu, 'ya'ya sun kama gidajensu, sai autarta Wafa kaɗai ta rage. Likita ya ce sukarinta na hawa, lallai ta riƙa tattaki. Ta gwada na mako biyu ta daina, ta ce ita ba ta iya tafiyar da ba inda za a je.

Wata la'asar tana shan shayi, ta ga mata a talabijin suna buga golf a wani fili kore shar a bakin Bahar Maliya. Ta zuba musu ido har shayin ya huce, sannan ta ce wa Wafa wannan kam za ta iya. Wafa ta yi dariya, ta amsa da Larabci, kamar yadda ta saba, cewa ai wasan manya ne.

Khalida ta ce, "Sanda ce da ƙwallo da rami. Wanne ne ya fi ƙarfina?"

A haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ta samo sandunan, jakarsu duk ta koɗe. Wurin bugawa ne ya zama aiki. Ƙanenta Yahya yana da gonar dabino a Khaibar, bayanta akwai wani fili shimfiɗaɗɗe tsakanin baƙaƙen duwatsu. Can ta riƙa tuƙa kanta duk Asabar. Ta binne gwangwanin tumatir ya zama rami, ta ɗaura tsohon mayafi a reshen dabino ya zama tuta. A waya ta koyi riƙon sanda da tsayuwa. Watannin farko ƙasa ta fi ƙwallon shan duka, kafaɗarta ta yi tsami, har gilashin ɗakin injin ban ruwa ta taɓa fasawa. Yahya yakan tsaya daga inuwa ya ce, "Yaya, in noma kike so, ga fartanya nan." Ba ta kula shi. Kafin dabino ya sake nuna, ƙwallon ya fara tashi sama yana sauka inda ta nufa.

Da sanyi ya shigo, Wafa ta kama musu ɗaki a wani wurin shaƙatawa a bakin teku, mai filin golf na sosai. Suka hau jirgin ƙasa. Da safe Khalida ta taka ciyawar, ta sunkuya ta shafa ta da tafin hannu don ta tabbatar ba darduma ba ce.

Aka haɗa ta wasa da wata Nadiya, injiniya daga Jidda, mai fara'a, wadda ta daɗe tana bugawa. Wafa tana biye da su a ƙaramar motar filin. Nan fa ciyawa ta nuna wa Khalida halinta. Bugun da a Khaibar yashi zai riƙe, a nan sai ƙwallon ya zarce ramin ya yi ta gudu. Ga tafkuna da ba ta saba da su ba, suka yi ta haɗiye mata ƙwallaye. Iskar teku kuma tana karkatar da duk abin da ya tashi sama. Wafa ta fara jin nauyin Nadiya, ta matso ta raɗa wa uwar cewa ko su huta haka, su bar baiwar Allah ta yi wasanta.

"Ya binti, 'yata, na taɓa barin mai naƙuda a tsakiya?" in ji Khalida. "Yalla, maza miƙo min wancan sandan."

Ta rage ƙarfin hannu, ta riƙa lura da yadda Nadiya ke durƙusawa tana duba gangaren ƙasa kafin ta buga. Abin da ba ta gane ba ta tambaya, ba kunya. Can wajen ƙarshe ta tura wani ƙwallo daga nesa, ya bi gangare a hankali, ya lanƙwasa, ya faɗa ramin. Nadiya ta tafa mata. Khalida ta gyara mayafinta kawai, kamar dama haka ta shirya. Ta gama duk ramukan filin, goma sha takwas, da ƙafarta. Nadiya ta yi mata nisa ƙwarai a sakamako, amma wannan bai hana Khalida cin kifi da shinkafa da kyau ba.

Da ta dawo Madina, maƙwabciyarta Tasallah, 'yar Chadi mai yi wa amare lalle, ita ta fara ja zuwa Khaibar. Daga baya wasu mata uku suka biyo. Yahya ya sa tarakta ta baje musu filin, ko da yake har yanzu yana mitar sun fi cin dabino a kan wasa.

Tasallah dai tun ranar farko ta fi Khalida nisan bugu, abin da Khalida ba ta musu. Takan ce Tasallah ƙarfi gare ta, saiti kuwa sai an zo wurinta an koya. Yanzu matan suna son su ga filin bakin teku da idonsu, kuma Khalida ta riga ta sanar da su cewa ita ce jagora, kowacce ta tanadi ƙwallaye da yawa.