Kuncin Kawu Manu da Batirin Jirgi

Duk wanda ya san Kawu Manu na unguwar Badariya ya san kuncinsa. Komai ka miƙa masa, waya ce, tocila ce, ko jaririn maƙwabta, sai ya manna a kunci ya ji ko da zafi. Da ya ji ɗumi sai ya maida maka kayanka ya ce, "Mai zahi ba ya hawa jirgina."

Jirgin kuwa da gaske ne: ɗan ƙaramin jirgin sama mai kujera ɗaya, wanda ya ƙera bayan ya yi ritaya daga gyaran injuna, don ya kori jan-baki daga shinkafar ƙanwarsa, wato mahaifiyata, a fadamar Argungu. Tsuntsayen nan sun sha sa Inna kuka. Komai ya haɗu, sai batirin tada inji.

Da fari ya sa na mota. Nauyi ya rinjayi hancin jirgi ya kifa, jela ta ɗaga sama, kaji suka samu wurin kwana. Aka ba shi shawarar na litiyam, marar nauyi. Ya kwashi batura uku daga shagon Oga Chidi, ya kai su sikelin masu kifi a Argungu ya auna. Chidi ya yi mako yana rantsuwa kayansa na ƙarnin giwan ruwa.

Ya kuma tsare Chidi da tambaya: wanne ne ba ya kama wuta, wanne ne ke yanke caji da kansa in ya cika? Chidi ya gaji ya ce ai 'yan keke-napep ba su taɓa yi masa wannan tambayar ba.

"Keke in tak kama wuta, sai ka dira," in ji Kawu. "Jirgi hwa, ina za ka dira?"

Sai Chidi ya yo odar irin mai jure zafi. Kawu ya ɗora shi kan kwanon ɗaki a tsakiyar bazara, ya jona caji, ya zauna kusa da bokitin yashi. Shi ne ya jiƙe da gumi, batiri ko a jikinsa. Ya manna a kunci, ya ce, "Wanga ɗan halas na."

Bai ga tashin jirginsa ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi kafin shinkafa ta yi kai, yana ta tsokanar kansa cewa yau mai jirgi ya faɗi jarrabawar kunci. Ranar da ya cika na manna kuncina a goshinsa, na ji sanyi ƙalau, nan kuka ya ƙwace mini.

Bana abokinsa, wani tsohon matuƙin jirgin sama, ya karɓi jirgin yana neman izinin gwaji. Da ya murza makulli, bugu ɗaya injin ya tashi. Inna ta fito ta dafa batirin da tafinta kafin ta yarda a tafi da jirgin.

Allah ya jiƙan Kawu Manu, ya sanyaya masa makwanci.